Mun iso gida: godiya ga Allah da waɗanda suka riƙe mu a Sudan

Salama a gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Yau kwanana huɗu a gida, sai yau na iya zama in rubuta abu mai tsawo. Barci nake ta yi, in na farka kuma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Saƙonninku sun taru a waya har ban san ta inda zan fara ba, don haka ku karɓi wannan a madadin amsa ɗaya bayan ɗaya. Mu shida muka tashi daga Najeriya zuwa Sudan ranar 3 ga Afrilu, 2023, aikin coci na duba marasa lafiya, mu shida muka dawo da ƙafafunmu. Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Allah.

Ba zan maimaita abin da kuka riga kuka sani ba. Kuna biye da mu tun safiyar Asabar 15 ga Afrilu, da faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin ƙasar na Janar Burhan da dakarun ko-ta-kwana na RSF da Janar Hemeti ke jagoranta. Kun ga hotunan jirage suna cin wuta a filin da ya kamata mu tashi ranar 24. Kun san kwana huɗun da muka yi kwance a ƙasa cikin ɗakin ajiyar magani na cocin da ya sauke mu a unguwar Mayo. Wasunku ma sun fi mu sanin halin da gari ke ciki, tunda ku kuna da wuta da intanet, mu kuwa ƙara kawai muke ji. Abin da zan faɗa yanzu bai shiga gajerun saƙonnin da Baba Fasto yake turowa in an dace da layi ba.

Ranar Laraba 19 ga wata muka fita. Dattijon cocin, mutumin Duwatsun Nuba, shi ya ce mu kama hanyar garin Madani, kada mu jira kowa. Ya sa mu cikin wata tsohuwar bas tare da iyalai uku, shi ya tsaya, domin akwai tsofaffi a ikilisiya da ba za su iya tafiya ba. Damuwata a motar nan ba harsashi ba ne kaɗai. Mama shugabar zumuntar mata tana da ciwon suga, da allurar insulin take rayuwa, ni ce kuma nas ɗin da 'ya'yanta suka damƙa wa ita tun daga gida. Maganin nan ba ya son zafin da ya haura digiri 30, Khartum kuwa a watan Afrilu tana wuce 40. An ɗauke wuta tun ran Lahadi, ƙanƙarar cikin 'yar kularmu ta koma ruwan ɗumi. A wani shinge wajen fita gari, wani yaro mai bindiga da bai girmi ɗana na fari ba ya buɗe kular, ya ɗauki kwalaben yana jujjuya su a hannu. Addu'a ta gagare ni, sunan Yesu kawai nake nanatawa a zuci. Ya mayar da su ya ce mu wuce.

Motar ta mutu mana gab da Hasahisa, rana na shirin faɗuwa, jibi Sallah. Wanda ya san mutanen wannan yanki na Jazira ya san al'adarsu a watan azumi: su shimfiɗa tabarmi a bakin titi, su tare hanya, ba matafiyin da zai wuce bai sha ruwa ba. Yaƙi bai hana su ba. Suka zo suna jan mu da hannu. Baba Fasto bai ga ya dace mu ci abincin masu azumi ba su san ko mu su wane ne ba, sai ya juya ga matashin cikinmu ya ce masa da Hausa ya gaya musu, da ɗan Larabcin da ya iya, cewa mu Kirista ne, aikin coci ya kawo mu. Yaron na cikin haɗa kalmomi, wani dattijo da ke zuba zoɓo a kofuna ya ɗago kai ya ce, da Hausa tangaran, "Wa ya tambaye ku? Ku zauna, an kusa kira."

Ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba.

Mata ba sa zama a shimfiɗar titi, sai ya haɗa mu, mu uku, da wani yaro ya kai mu gidan yayarsa a kambo. Haka suke kiran 'yan unguwannin ma'aikatan gona da ke gefen magudanan ruwa na Jazira, gidajen laka, ba wuta ba famfo. Tun da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga, mutanenmu masu tafiya Makka a ƙafa suka riƙa yada zango a nan suna tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa. Da yawa ba su koma gida ba. Wasu ma sun riga su zuwa, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 suka kafa garin Maiwurno. Kakan wannan baiwar Allah daga ƙasar Katsina ya taso. Ita ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma da muka gaisa abin da ta fara tambaya shi ne, "Ɗiyata, ina labarin gida?"

Ta ce kada in sa sunanta a waya, na kuma yi mata alkawari. Amma yabon gwani ya zama dole, don haka zan kira ta da abin da duk kambon ke kiranta, Haboba, wato kaka da Larabcinsu. Gidanta ɗaki biyu ne da rumfa, kuma mun tarar da shi a cike, domin tun rikicin ƙabilanci na yankin Damazin a watan Yulin 2022 akwai dangi da suka gudo suke zaune wurinta. Duk da haka jikokinta suka koma tsakar gida, aka ba mu ɗakinta. Na ce, "Haboba, kin san fa mu ba Musulmi ba ne." Ta ce, "An gaya mini. Kakana ma baƙo ya zo ƙasar nan, wani ne ya ba shi ruwa. Ki ci kisirarki tun da zafi."

Da ta ga ina ta leƙa kula ina taɓa kwalabe, ta tambaye ni abin da ke ciki. Na yi mata bayani. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta ɗauko leda ta ƙulle kwalaben, ta naɗe da tsumma ta jiƙa, ta ajiye a kasko ƙarƙashin randar ruwanta, daidai inda ruwa ke ɗiga. Shekarata goma sha tara ina aikin jinya, na san da wannan dabara a takarda, amma tsoro ya share ta daga kaina. Dare ya raba na ji motsi, na buɗe ido na gan ta durƙushe tana sake jiƙa tsumman kafin ta ɗora sahur. Haka ta yi kullum har muka tafi. Sukarin Mama da ya hau a hanya ya sauko a rana ta biyu. Ina gaya wa 'ya'yan Mama a bainar jama'a: bayan Allah, tsohuwar nan ce ta dawo muku da uwarku.

Mun yi Sallah da su ran Juma'a, Sallar da ba ɗinki ba kiɗa, kowa kunnensa na kan rediyo. Daren Asabar sai ta kira Baba Fasto ta ce, "Malam, gobe ba ranar ibadarku ba ce?" Kafin tafiya an ja mana kunne sosai cewa ko da yake Sudan ta soke hukuncin ridda a 2020, mu yi sujadarmu cikin coci kawai, kada mu jawo wa masu masauki fitina. Baba ya ce ba komai, za mu yi addu'a a zuci. Da gari ya waye muka tarar ta share ɗaki, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa sabuwar tabarmar da ta saya don Sallah. Ta jawo gadonta na igiya ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, tana korar yara da kaji, tana cewa baƙi na roƙon Allah. Baba ya buɗe Luka sura 10, labarin Basamariye, bai kai ƙarshe ba murya ta sarƙe masa. Muka ɗauki waƙa ƙasa-ƙasa. Daga waje ta ce, "Ku ɗaga murya, nan gidana ne."

Ina roƙon abu ɗaya. Kada wani ya ɗauki labarin nan ya hau bagade ya ƙara masa gishiri, ya ce tsohuwar ta karɓi bishara a hannunmu. Ba haka aka yi ba. Musulma muka same ta, Musulma muka bar ta, salla biyar ba ta wuce ta. Ta san ko mu su wane ne, ta kuma yi abin da ta yi. Haka nake so a faɗe shi.

Ran Litinin ɗanta ya ɗauke mu a motar da yake dakon albasa zuwa Gadarif. Ta ba mu laffaya ɗai-ɗai ta ce mu yafa saboda shingaye, ta cusa mana dabino da agashe a jaka. Agashe ɗin nan tsirenmu ne na gida, duk Sudan da wannan suna na Hausa suka san shi. Muka haɗa ɗan kuɗin da ya rage muka miƙa, ranta ya ɓaci har sai da Mama ta ba ta haƙuri. Saura kun sani: Gallabat, kwana biyu a rana a bakin iyakar Habasha, Metema, Gondar, Addis Ababa, gida.

Tun da na dawo nake juya maganar tafiyar nan a raina. Da aka ce Sudan, murna na yi, domin tun muna makarantar Lahadi ake gaya mana cewa mishan da ta iso Wase ta Filato a 1904 sunan Sudan take ɗauke da shi, ko da yake a wancan zamani sunan ya haɗa har da ƙasarmu. Na ɗauka bashi za mu je mu biya. Mun kai magani, mun duba marasa lafiya kwana goma sha ɗaya, ban raina wannan ba, kuma ban yi da-na-sanin zuwa ba. Amma 'yan'uwa nas-nas na cocin can sun fi mu sanin cututtukan unguwarsu, su suke fassara mana, su suke gyara mana kuskure cikin ladabi. Da wuta ta tashi kuwa, mu da muka zo taimako muka zama kaya a wuyansu. Mu muna da fasfo da gidan komawa. Dattijon da ya sa mu a mota, ya biya wa direba daga asusun ikilisiya, yana nan a Mayo. Ina roƙon masu shirya irin wannan tafiya nan gaba su fara tambayar masu masauki abin da suke bukata, mutane ne ko kuɗin tikitin mutanen, su kuma karɓi amsar ko ba ta yi daɗi ba. Baikon da za a tara ran godiya, mu shida mun yarda a aika musu shi dungum.

Baba Fasto, Allah ya ƙara maka girma. Ka ba mu ruwanka ka ce ba ka jin ƙishi, mun sani ba gaskiya ba ne, Ubangiji ya gani. Likitanmu da ya ɗauki Mama a baya a iyakar Gallabat, Allah ya ɗauki nauyinka. Zumuntar mata da suka raba dare suna addu'a ba fashi har muka sauka, Allah ya share muku hawaye kamar yadda kuka share na 'ya'yana. Maƙwabciyata Hajiya, wadda ta riƙa aiko wa yarana abincin buɗa baki kullum ba a roƙe ta ba, ta kuma sa aka yi mana addu'a a masallacin layinmu, ban da bakin gode miki. Maigidana, kai ka san abin da ka sha, ni ma na sani.

Akwai na jikina da har yau ban ji muryarsu ba. Maganar da aka faɗa a gidan Kawu, cewa wa ya aike ta, ta iso kunnena tun ina Gondar. Ban riƙe kowa ba. Sai dai yarana sun yi mako biyu suna duban ƙofa, kuma daga gidanku zuwa namu ba a hawa mota biyu. Zumunta a ƙafa take. Ƙofa a buɗe take ran Lahadi.

Ya Ubangiji, kai da ka fitar da mu, ka dubi waɗanda ba su da inda za su. Ka tsare dattijon nan da tsofaffin da ya ƙi bari. Ka tsare ɗalibanmu da sauran 'yan ƙasarmu da ke kan hanya ta Masar da ta Port Sudan, ka kawo su gida kamar yadda rukunin farko ya sauka Abuja ran Laraba. Ka kashe wutar nan kafin ta kai Jazira. Ka sa albarka a gidan Haboba, a randarta, a gonar ɗanta, a kan jikokinta har tattaɓa kunne. Ka ba ta tsufa mai kyau, kada ta ga abin da muka gani. Amin.

Sujadar godiya ran Lahadi 7 ga Mayu ce, a sujada ta farko. Mama za ta zo in jiki ya yarda. Tun ran Talata nake kiran wayar ɗan Haboba ba ta shiga. In akwai mai ɗan'uwa a wajen Hasahisa ko Madani, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ina so ta ji cewa mun iso.