Yadda na bi kayan wutar tsohuwar Peugeot 504, daga fulogi zuwa kontak

Motar 504 ce ƙirar Kaduna, cikin waɗanda kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya riƙa haɗawa tun daga 1975, mai injin fetur na lita 2 da kafireta da distributa (na'urar da ke raba wa fulogi wuta) mai kontak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don a samu tartsatsi. Ƙorafin da aka kawo ta da shi sananne ne: da safe sai an sha fama kafin ta tashi, tana karkarwa a silo (lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba), idan ta ɗauki kaya ta kama hawa sai ta riƙa yankewa, ga shan mai. An canza mata fulogi ba da daɗewa ba, ta ɗan yi sauƙi, sannan ciwon ya dawo. Wannan dawowar ita ta nuna min cewa fulogin ba su ne tushen matsalar ba. Wani abu ne a bayansu yake kashe su.

Na bari injin ya huce sarai kafin in sa sifana. Top silindar 504 ta alminiyam ce, kuma kwance fulogi da zafi hanya ce ta cinye tiredin ramin. A wannan injin fulogin suna can ƙasa cikin bututu huɗu da suka ratsa murfin bawul, don haka duk ƙurar hunturu da yashin da suka taru a bututun za su zube cikin silinda da zarar fulogi ya fita. Na sassauta kowanne zagaye ɗaya, na hura iska cikin bututun, sannan na ƙarasa kwancewa. Kafin haka na sa wa wayoyin lamba. Jerin da wuta ke bin silindodin 1-3-4-2 ne, kuma Faransawa, masu Peugeot, daga ɓangaren giya suke fara ƙirga silinda, ba daga wajen lagireto ba. Wanda ya saba da motocin Japan yakan rikice a nan idan ya cire wayoyin duka a lokaci guda.

Na jera fulogin a kan allo yadda suke a injin, domin kowanne labarin silindarsa yake bayarwa. Lafiyayyen fulogi bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne ko ruwan toka, a bushe. Waɗannan duka huɗun baƙin hayaƙi ne ya rufe su, busasshe mai laushi wanda yatsa ke gogewa. Wannan alama ce ta fetur da ya yi yawa ko wuta da ta yi rauni, kuma tun da ta shafi dukansu, laifin yana wurin da suka haɗa: kafireta, matatar iska, kwayil (mai ƙara wa wutar batir ƙarfi) ko distributa. Da a ce fulogi ɗaya ne kawai ya yi baƙi, da wayarsa ko silindarsa zan fara tuhuma.

Fulogi na ukun ya jiƙe da baƙin mai, kuma a nan ne ake yawan yanke wa injin hukuncin da bai cancanta ba. Ana ganin mai sai a ce ring ya mutu, a sauke injin. Sai a duba inda man yake. A wannan fulogin man yana saman farin tangaran da wajen da sifana ke kamawa, bakin da ke cikin silinda kuwa a bushe yake kamar sauran. Ke nan daga sama yake zubowa, ta robar da ke tsakanin bututun da murfin bawul, wadda ta bushe ta tsage. Man da ring ko robar bawul suka saki a bakin fulogi yake taruwa, mai danƙo, kuma salansa takan fitar da shuɗin hayaƙi. Roba da gaskit ɗin murfi kawai na canza. Man da ya kwanta a bututun yana kumbura hular wayar, yana kuma buɗe wa wuta hanyar zurarewa ta jikin tangaran. Siririn baƙin layin da na gani a jikinsa sawun wannan wutar ne, kuma fulogin da ya yi shi ba ya gyaruwa da wanki.

Tazarar bakin fulogi a wannan injin milimita 0.6 ce. Da na auna da fila geji (siraran ƙarafan auna tazara), na tarar an ɗaura su yadda suka fito daga kwali, sun kusa 0.9. Tazarar 0.9 ta dace da motar da ke da wutar lantarki ta zamani, amma kwayil mai kontak ba shi da wannan ƙarfin. Haka ma tsufa ke yi: kowane tartsatsi yana gutsurar ƙarfen bakin kaɗan-kaɗan, tazarar tana buɗewa, gefen da yake da kaifi yana zama mulmulalle, wuta kuma ta fi saurin tsallakawa daga kaifi. Idan aka taka totur a hawa, matsin cikin silinda yana ƙaruwa, tartsatsin yana buƙatar ƙarfi fiye da na silo. A daidai lokacin ne wutar ke gazawa ko ta nemi hanya mafi sauƙi ta jikin waya ko murfin distributa. Shi ya sa mota za ta yi lafiya lau a gareji, ta fita titi ta fara yankewa. Fulogi na gama-gari a irin wannan injin, tsakanin kilomita 15,000 zuwa 20,000 ya gama aikinsa.

Da na buɗe distributa sai ga asalin ciwon. Kontak ɗin ya kamata ya buɗe milimita 0.4 lokacin da ƙafarsa ke kan ƙololuwar kam, wato tudun jikin sandar distributa da ke tura shi. Wannan da ƙyar yake kai rabin haka. Kam ɗin a bushe yake, ƙura ta haɗu da shi ta goge ƙafar robar. Idan tazarar kontak ta ragu, yana buɗewa a makare, taimin (lokacin da wuta ke tashi a fulogi) ya koma baya, wutar ta yi rauni, fuskokinsa kuma su ƙone. Fuska ɗaya ta yi rami, ɗayar ta yi tudu, don haka fila geji ma ba zai ba da awo na gaskiya a kansu ba. Na sa sabon kontak tare da sabon kondensa, don kondensa mai rauni shi ke barin tartsatsi yana cin fuskokin. Na goge fuskokin da tsabtatacciyar takarda don cire maiƙon da suke zuwa da shi, na shafa wa kam giris kamar ƙwayar shinkafa, na ɗiga baƙin mai sau biyu a kan ƙyallen da ke ƙarƙashin rota, abin da ke juyawa a kan sandar yana raba wutar. Giris mai yawa yana fantsama kan kontak ya ƙona shi. Mai na'urar auna dwel (kusurwar da kam ke juyawa kontak na rufe) zai nemi digiri 57 ko kusa da haka, kuma wannan awon ya fi na fila geji inganci.

Kafin in rufe, na murɗa rota da hannu ta ɓangaren da take juyawa. Ta ɗan tafi, na sake ta ta dawo, alamar nauye-nauyen da ke gabatar da wuta idan injin ya ɗau gudu ba su cije ba. Na tsotsi tiyon da ke zuwa gwangwanin bakyum (mai gabatar da wuta da zuƙar iskar injin), farantin kontak ya motsa ya kuma riƙe. Na jijjiga sandar distributa gefe da gefe, babu wasa mai yawa. Idan akwai, tazarar kontak ba za ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, ko an sa sabo. Murfin distributa na duba shi da haske: ɗan gawayin tsakiya yana nan da sifirin ɗinsa, babu tsagewa, farin tsatsan da ke kan ƙarafa huɗun na kankare shi. Murfi mai tsagewa kamar gashi shi ke sa mota ƙin tashi da damina in an kwana ana ruwa.

Wayoyin na gwada su da mita. Uku sun ba da awo kusa da juna, ta huɗu in an lanƙwasa ta sai awon ya ɓace, wato ta karye a ciki. Na canza saitin duka. Wanda ba shi da mita zai iya tada injin a duhu ya leƙa: shuɗin tartsatsi a jikin waya ko wuyan kwayil ya isa hujja. Kwayil ɗin ya ba da kusan om 3 (ma'aunin turjiyar wuta) tsakanin ƙananan ƙafafunsa biyu, daidai da irin wanda ba ya tafiya da rizisto, mai rage wutar da ke shiga kwayil. Masu kusan 1.5 sai da rizisto, kuma in aka ɗaura irinsu kai tsaye, kontak zai riƙa ƙonewa. Barin makulli a buɗe injin na kashe ma yana dafa kwayil da kontak.

Wajen sayen fulogi na tafi da tsohon a hannu. Akwai top silindar 504 mai karɓar fulogi mai wosha, akwai mai karɓar wanda wuyansa a karkace yake babu wosha, kuma ba a musanya su. Tsawon tiredi ma dole ya zo ɗaya: dogo zai iya taɓa fistin, gajere zai bar ƙarshen ramin ya cika da gawayi. Lambar zafi kuma, wadda ke nuna yadda fulogi ke riƙe zafi, kowane kamfani da lissafinsa. A NGK, in lamba ta hau fulogin ya ƙara sanyi. A Champion da Bosch akasin haka ne. Ba na yarda da sa fulogi mai zafi don ɓoye hayaƙi, domin a doguwar tafiya bakinsa zai iya yin ja ya kunna fetur kafin lokaci, har ya huda fistin. Jabu sun yi yawa a kasuwa. Woshan da ke zarewa da sauƙi, tiredi mai kaushi da rubutun da ke gogewa da farce sun isa in ajiye kwalin.

Na daidaita tazarar ta hanyar lanƙwasa ƙarfen gefe kawai, ban taɓa na tsakiya ba. Na cusa kan kowane fulogi cikin guntun tiyon roba na fara ɗaura shi da hannu. In tiredi ya hau karkace, tiyon zai zame kafin alminiyam ya lalace. Mai sabon wosha, bayan ya zauna, rabin zagaye ya ishe shi, wajen Nm 25 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Mara wosha ɗan murɗi ne kawai, kamar kashi ɗaya cikin 16 na zagaye.

Sai bayan wannan duka na taɓa taimin, domin duk canjin tazarar kontak yana motsa shi. Wanda ya saita taimin sannan ya koma kan kontak ya rushe aikinsa. Na cire tiyon bakyum na toshe, na haska fitilar taimin a kan alamar taimin da ke jikin injin, na juya distributa zuwa adadin da littafin motar ya ba wannan samfurin. Kafireta ita ce ta ƙarshe: na canza matatar iska da ƙura ta toshe, na tabbatar cok yana buɗewa gaba ɗaya, sannan na daidaita silo da injin a ɗumi. Bayan motar ta yi tafiya mai nisa a babban titi na sake kwance fulogin, duka huɗu sun fito ruwan ƙasa, bututun na uku kuma a bushe. Tazarar kontak na sake aunawa a lokacin, don sabuwar ƙafar roba takan ɗan zauna a farkon aikinta, na mayar da ita 0.4 na sake duba taimin.