Shinkafar da na rage a kwano

Talata, Keqiao, ƙasar Sin.

Ruwa tun asuba. Kwantenar Alhaji Babba har yanzu tana tashar Ningbo, ya kira ni sau uku kafin hantsi.

Da azahar Laoban, wato maigidan masaƙa, ya kai ni gidan abincin Musulmin nan 'yan Lanzhou, tare da mahaifiyarsa da ta zo daga lardin Anhui. Na ƙoshi, na ture kwano da 'yar ragowar shinkafa, ba ta fi cokali biyu ba. Sai tsohuwar ta jawo kwanon gabanta ta tsince ta tas, ƙwara ɗaya ba ta bari ba. Kunya ta kama Laoban. Na ce, "Ayi," wato Inna, "a ƙaro miki ne?" Ta girgiza kai, ta kama magana. Rabi ɗanta ya fassara mini, rabi na tsinta da kaina.

Shekararta bakwai a 1960. Tun 1958 aka bi gida gida aka kwashe tukwanen ƙarfe aka narka, wai za a kamo Ingila wajen yawan ƙarfe. Aka hana girki a gida, kowa sai ya ci a madafar gandun gwamnati. Maza suka bar gona suna hura wuta, yara kuma aka ba su gwangwani su yi ta kaɗa wa gwara har ta faɗo don gajiya. Da tsuntsu ya ƙare, ƙwari suka samu gona. Ta ce sun ci ɓawon itace. Na tambayi 'yan'uwanta, sai ta ɗaga yatsu biyu ta sauke su a hankali.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi yunwar ta kai haka. Jami'an ƙauye sun riƙa kumbura lissafin girbi don kada a ce ba su da kishin jam'iyyar Kwaminis, gwamnati kuma ta ɗebi kasonta bisa wannan ƙaryar, har tana fitar da hatsi waje. Peng Dehuai, ministan tsaro sukutum, ya rubuta wa Mao, shugaban jam'iyyar, wasiƙa a taron Lushan na 1959 cewa abin ba daidai yake tafiya ba. Aka tuɓe shi. To wane dagaci ne zai buɗe baki bayan haka? Masana da yawa suna ƙiyasta waɗanda suka mutu da miliyan 30, wasu ma fiye.

Amma ko kusa ba ta zagi jam'iyyar ba. Da ta ambaci Deng Xiaoping, wanda ya ja ragamar ƙasar bayan zamanin Mao, sai fuskarta ta saki. Ta ce a lardinsu ne, a ƙauyen Xiaogang, manoma 18 suka dangwala yatsa a ɓoye a 1978 suka raba gonar gandu a tsakaninsu, suka yi alkawarin riƙe 'ya'yan duk wanda aka kama. Girbi ya yi kyau, daga baya gwamnati ta mai da abin tsari. Ta ce daga nan ta fara sanin ƙoshi.

Na juya ga Laoban na tambaye shi gidan nan da ya biya tun 2020. Ginin yana nan tsaye babu tagogi, shi kuma duk wata banki na cire kuɗi. Ɗansa tilo ya gama jami'a, yanzu abinci yake kai wa mutane a babur. Na ce ai na ji a 2023 rashin aikin matasan birane ya kai kashi 21.3 cikin 100, sai hukuma ta daina fitar da lissafin na wasu watanni, ta dawo da wani da aka cire ɗalibai. Ya kifa wayarsa a kan tebur, ya dube ni ya ce, "Alhaji, sha shayinka."

Na sha.

A hanyar komawa na yi ta tuna gardamarmu a majalisar Kantin Kwari bara, inda na dage cewa jam'iyya ɗaya ita ce maganinmu, ba zaɓe ba surutu, a yi aiki kawai. Jirgin ƙasan da na gani da idona yana gudun kilomita 300 a awa gaskiya ne. Miliyoyin da suka fita daga talauci ma gaskiya ne, ga Laoban nan ɗan manomi da masaƙarsa. Sai dai yau duk na sako wannan hujjar, yatsun Ayi ne suke faɗo mini a rai, da wayar da aka kifa.

Samfurin shaddar bai yi ba, ruwan ƙasar ya yi duhu. Na mayar.

Hajiya ta ce Abba ya warware, har ya koma Islamiyya. Alhamdu lillahi.

Gobe Ayi za ta koma Anhui. Na saya mata dabino, ban sani ba ko tana ci.