Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na daki Duna

A makon jiya na tsaya ne a inda na dawo daga aiki na tarar da takalmina na ƙafar dama yashe a bakin ƙofa, igiyarsa a tsinke, dunduniyarsa duk shatin haƙori. Duna, ɗan kwikwiyona, na kwance a gefe. Da ya ji na ɗaga murya, sai ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafuwa, ya sunkuyar da kai yana satar kallona. Na ce a raina, lallai ya san abin da ya aikata. Na ɗauki takalmin na kwaɗa masa sau biyu. Har yau in na tuna kukan da ya yi, sai raina ya sosu.

A lokacin watansa biyar da haihuwa. Kwana uku yana gudu na. Ƙaramar 'yata ce ta fara yi mini magana, ta ce, “Baba, Duna fa tsoronka yake ji.” Ban tanka mata ba, don ina ganin horo na yi masa.

Ranar da na kai shi allurar riga-kafi na ba likitan dabbobi labari. Bai ce komai ba sai da ya ɗaga leɓen karen, ya ce, “Malam, matso ka gani.” Dasashinsa ya yi ja, ga gurbin haƙorin da ya faɗi. Ya bayyana mini cewa ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, su zube, na dindindin 42 su maye gurbinsu, abin kan kai shi wata shida ko bakwai. Duk tsawon lokacin nan dasashi na yi masa ƙaiƙayi, dole ya nemi abin gwaguya. Na ce to me ya sa sai nawa, ga takalma birjik a wurin? Ya ce ai warin jikina ya bi. Hancin kare na iya ɗaukar ƙwayoyin jin wari har miliyan 300, na mutum kuwa wajen miliyan 6 ne. Na wuni ba na nan, sai ya ɗauko abin da ya fi ɗauke da warina ya kwanta da shi.

Nan jikina ya yi sanyi. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne sunkuyar da kan nan da na ɗauka amsa laifi ce. Daga baya na karanta binciken da wata mai nazarin halayyar karnuka, Alexandra Horowitz, ta yi a Amurka a 2009. An sa masu karnuka su hana su cin wani abu, su fita daga ɗaki, in sun dawo a ce musu karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci kuma ba gaskiyar aka faɗa musu ba. Sai aka ga faɗan maigida ne ke jawo fuskar nan, ko karen ya ci ko bai ci ba. Ashe muryata Duna ya ji ya tsorata, yana roƙon in sassauta. Takalmin kuwa tun safe ya gama da shi, ba shi da yadda zai haɗa shi da dukan yamma.

Tun daga nan na koma mai lura. Na gane hammar da yake yi in baƙo ya matsa masa, damuwa ce. Tonon da yake yi da ƙafafun baya in ya gama kashi, warin tafin ƙafarsa yake bari a wurin don wani kare ya san ya wuce. Kaɗa wutsiya ma kala-kala ce: in ta saki har ƙugu na rawa, murna yake, in ta miƙe ƙyam tana ɗan karkarwa, gara a ja baya. Zagayen da yake yi kafin ya kwanta kuwa, ana danganta shi da kakanninsa da ke tattake ciyawa su yi makwanci, kuma har ya tsufa bai daina ba.

Na samo masa igiya mai kauri ta gwaguya, na riƙa ɗauke takalma daga ƙasa. Na daina kiransa, sai dai in zauna nesa kaɗan in ƙyale shi. A rana ta shida ya taso da kansa, ya shinshina hannuna, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata.

Ba a yi sati biyu ba sai wani sabon abu ya ɓullo. Kullum tsakar dare sai Duna ya miƙe ya fuskanci bango ɗaya yana gurnani, mu kuwa ba ma jin motsin komai. Matata ta ce ba za ta sake kwana a ɗakin ba sai an gano dalili. Abin da muka tarar a bayan bangon, sai mako mai zuwa.