Abin da ƙarar pawa fak ta koya min a shagon gyaran kwamfuta

A aikin gyaran kwamfuta kunne na riga sukundireba. Wannan na koya ne a wajen ogana tun ina yaron shago a nan Kano, don shi in aka kawo destof aka ce tana ƙara ba ya yarda kowa ya taɓa noti, sai ya ce kai kashe min rediyon nan, ya jona ta, ya yi shiru yana saurare. Mafi yawan masu kawowa sun riga sun yanke hukunci daga gida cewa pawa fak ce, wato akwatin ƙarfen nan da ke bayan kwamfuta inda wayar wuta ke shiga, kuma sau da dama ba ita ba ce. Ƙarar tana iya zama ta fankar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko ta fankar jikin akwati, ko had disk da ya fara mutuwa yana ƙas-ƙas, wani lokacin ma wata siririyar waya ce kawai ta sauko tana gogar fanka. Dabarar da muke yi ita ce a naɗe takarda ta yi tsawo, a kafa gefe ɗaya a kunne, ɗaya gefen a riƙa kai shi kusa da kowane ɓangare, inda ƙarar take za ka ji ta taso maka tar.

In ta tabbata daga pawa fak ɗin ce, to sai tambaya ta gaba, wace irin ƙara ce. Don ba duka suka zama ɗaya ba, akwai wadda damuwa ce kawai, akwai kuma wadda in ka ji ta ko salati ba ka tsaya ƙarasawa ba sai ka zare filogi.

Wadda muka fi gani ita ce gurnanin fanka, gurrr ɗin nan da take yi da safe in an kunna, in ta ɗan yi zafi sai ta lafa. Lokacin hunturu kam ba a magana, ƙura ce ke shiga ta taru a fikafikan fankar ta sa wani gefe ya fi wani nauyi, sannan ta bushe man da ke cikin gindin da take juyawa a kai. Ana iya busa mata iska a fitar da ƙurar, amma a riƙe fankar da ɗan tsinke kar iskar ta riƙa wulwula ta, kuma kwamfutar a kashe a zare. Wasu suna ɗiga mata man keken ɗinki, yana yi na ɗan lokaci, bayan nan ta dawo. Abin da ya sa ba na raina wannan ƙarar shi ne ranar da fankar ta yi shiru gaba ɗaya mai kwamfuta murna zai yi ya ce ta warke, alhali tsayawa ta yi, kayan ciki suna ta dahuwa. Sai dai a lura, wasu sababbin pawa fak da gangan aka yi su fankar ba ta juyawa sai aiki ya yi nauyi, wannan ba lalacewa ba ce.

Sai siririyar ƙarar nan tsiiii irin kukan sauro a kunne. Ita wannan daga koyil take fitowa, wayar tagulla da aka nannaɗe, wuta tana kunnuwa tana mutuwa a ciki sau dubbai a daƙiƙa ɗaya sai wayar ta riƙa kaɗawa. Alamarta ita ce tana bin aiki, ka buɗe gem ko ka fara haɗa bidiyo sai ta canza murya, wani lokacin ma motsa maus kaɗai yana canza ta. Yara matasa sun fi jin ta, ogana da shekaru suka ja sai ya ce shi bai ji komai ba mu kuma ta ishe mu. Yawanci ba ta da haɗari, kuma sau tari ma daga katin girafik mai fitar da hoto take ba pawa fak ba. A nan ne gaskiya take da daɗi a sana'a, don abu ne mai sauƙi ka ce wa mutum Alhaji sai an canza, ya biya, ya koma gida ƙarar tana nan. Ni gara in ce masa ranka ya daɗe wannan ba za ta ƙone ba, in za ka iya haƙuri da ita ka riƙe kuɗinka. Amma in kwamfuta tsohuwa ce da ba ta taɓa yi ba sai yanzu ta fara, musamman in tana yi ko a kashe take, to nan ina zargin kafasita, ƙananan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun fara gajiya. Kar a manta ko ka kashe kwamfuta, muddin filogi na jiki akwai layin bolt 5 da ba ya barci, wayar nan mai launin shunayya.

Akwai abin da na daɗe ban ga ana tambaya ba kuma a wajenmu shi ne rabin aikin, wato da wace wuta kake amfani da ita a gida. Mutum zai kawo kwamfuta ya rantse tana zzzz, mu jona a shago shiru kake ji. Sai ka bincika ka tarar a kan ƙaramin janareto take, ko inbata mai araha, ko UPS, akwatin batir ɗin nan mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Irin waɗannan inbata da UPS wutar da suke bayarwa ba santala ba ce kamar ta layi, hawa-hawa take zuwa, pawa fak kuma musamman na zamani ba sa son ta, sai su yi ta ƙugi, wasu ma su kashe kansu da zarar UPS ya karɓa. To ka ga a nan ko pawa fak goma ka canza ba a yi komai ba.

Ƙas guda ɗaya lokacin kunnawa ko kashewa ba komai, rile ne, wani ɗan makunni mai kunna kansa, a ciki yake aikinsa. Amma ƙas-ƙas-ƙas a jere, fanka ta motsa ta tsaya ta motsa ta tsaya, wannan pawa fak ɗin ce take kare kanta, ta ga wani abu ya haɗe ko an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Sai a zare komai a gwada ta ita kaɗai. A babban soket mai fil 24 ɗin nan da ke shiga madabod, babban allon da komai ke jone a kansa, in ka haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan kilif za ta tashi, sai ka sa mita, rawaya ya kamata ta ba ka bolt 12, ja 5, mai ruwan lemo 3.3. Tsarin ATX, wato ƙa'idar ƙera destof da pawa fak da kamfanin Intel ya fitar a 1995, ya yarda da sama ko ƙasa na kashi 5 cikin 100, kenan layin 12 in ya sauka ƙasa da 11.4 ko ya haura 12.6 akwai magana. Amma fa ba kowace kwamfuta ke bin wannan tsarin ba, da yawa daga ƙananan destof na ofis irin na Dell da HP soket ɗinsu daban ne, kar mutum ya je yana haɗa wayoyi da ka. Kuma tashi ita kaɗai ba ya nufin lafiyarta ƙalau, wata sai an ɗora mata kaya take durƙushewa.

Wadda ba na wasa da ita ita ce tsartsatsi, tas-tas ko shiii tare da ƙauri. Wannan wuta ce ke tsallake. Kafin a zargi cikin akwatin a fara duba wayar wuta da ekstenshan, don sau da yawa bakin wayar ne ya saki yana ƙonewa a hankali, in ka zaro za ka ga ya yi baƙi. In ba nan ba ne, to ciki ne, kuma abin da na sha gani a ciki kyankyasai ne ko tsaka da ta shiga neman ɗumi ta ƙone a kan bod, ko kafasita da kansu ya kumbura suna zubar da ruwa launin ƙasa. Kwamfutocin da aka ƙera wajen 1999 zuwa 2007 sun yi suna da wannan ciwon na kafasita, kuma har yanzu suna nan a wasu makarantu da shagunan buga takardu.

Sannan ɗan jan makunnin nan da ke bayan tsofaffin pawa fak, 115 da 230. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka suna zuwa a kan 115 saboda wutarsu 120 ce, tamu kuma 230, in aka jona ba a mayar ba ƙara ɗaya za ka ji, fau, sai hayaƙi. Duk destof ɗin da ya shigo hannuna sabon zuwa nan nake fara kallo.

Don Allah wanda ba aikinsa ba ne kar ya buɗe akwatin nan. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe sama da bolt 300, a na zamani har kusan 400, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare filogi. Mu kanmu in za mu canza fanka sai mun zare, mun jira, mun sa mita mun ga ta sauka kafin hannu ya shiga. In kuma ta kai ga ƙauri ba na gyarawa in mayar wa mutum, canzawa nake cewa a yi, don in ta tashi mutuwa tana iya tafiya da madabod da had disk, da duk takardun da mutum ya tara a ciki. Wajen sayen wata kuma ina ɗaga ta a hannu in ji nauyi, wadda aka rubuta wat 500 a jiki amma ta yi sakayau ba na sa wa kowa ita ko nawa aka rage min.