Iso Lo, Dylan da gardamar shagonmu

Ni tela ne a Garwa ta Kamaru, kuma duk wanda ya san ɗinki ya san kunnen tela ba shi da aiki sai sauraro. Hannu na kan yadi, ƙafa na kan keke, kunne kuwa a sake yake tun hantsi har bayan isha'i. Shi ya sa muka fi kowa riƙe waƙa, muka kuma fi kowa musu a kanta. Musun da ya fi daɗewa a shagonmu, wanda ya girmi yaran da nake koya wa aiki yanzu, a kan Ismaël Lô ne, mawaƙin nan na Senegal mai jita da harmonika wanda ake kira Iso Lo, da laƙabin da 'yan jarida suka manna masa, wai shi ne Bob Dylan na Afirka. Ni dai ban taɓa yarda da wannan laƙabi ba.

A farkon shekarun 1990 ya shigo mana, ta rediyon Africa N°1 da ke watsowa daga Gabon a gajeren zango. Yayana, wanda a hannunsa na koyi aiki, yana da rediyo mai kaset da ya ɗinka wa riga da ragowar shadda saboda ƙurar hunturu. A lokacin abin da ke tashe a gari makossa ne da bikutsi daga kudu, da kiɗan Zayar, sai kaset ɗin Shata da Ɗan Maraya da ke shigowa ta Yola. Ana cikin wannan hayaniya sai ga wata waƙa mai suna Tajabone, jita a hankali, harmonika tana bin bayanta, da murya wadda ba ta neman burge kowa. Yaya ya ɗage ƙafa daga keke ya ce, "Kai, ƙaro mana murya." Mutumin da ko sallamar baƙo ba ta sa shi tsayar da ɗinki.

Babu mai jin Wolof a cikinmu. Wani maƙerin zinariya ɗan Senegal da ke zaune kusa da babbar kasuwa shi ya warware mana zancen. Ya ce Tajabone al'ada ce ta daren Ashura a ƙasarsu: a ci a ƙoshi, yara su fita gida-gida suna kiɗa da waƙa, maza da shigar mata, mata da shigar maza, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wato cika-cikinmu ne da tashe a dare ɗaya. A cikin waƙar kuma akwai zancen mala'ikan da zai tambayi mutum ko ya yi salla, ko ya yi azumi. Da Yaya ya ji haka sai ya ce, "To ai shi ya sa." Bai ƙara komai ba, kuma daga ranar kaset ɗin ya samu izinin kwana a cikin rediyo.

Abin da ya ƙara masa daraja a wurin Yaya shi ne wurin haihuwarsa. A Dogon Dutsi ta Nijar aka haifi Ismaël Lô a 1956, uba ɗan Senegal, uwa 'yar Nijar, kafin iyalin su koma Rufisque kusa da Dakar yana ƙarami. Har Yaya ya bar duniya, Allah ya jiƙansa, "namu ne" yake cewa, ko da yake ba mu taɓa jin mutumin ya yi baiti ɗaya da Hausa ba. Ya yi karatun zane a Dakar, ya shiga ƙungiyar Super Diamono a 1979, ya bar ta a 1984 ya kama gabansa. Kundin da Tajabone ke ciki ya fito a 1990, sai Iso a 1994, da Jammu Africa a 1996, da Dabah a 2001, da Sénégal a 2006. Turawa da yawa sai a 1999 suka san shi, lokacin da Pedro Almodóvar ya sa Tajabone a wani fim nasa na Sifen. Mu nan a bakin Binuwai mun riga su da shekaru.

Dylan kuwa ta hannun wani abokina malamin lise, wato makarantar sakandare, ya iso shagon. Malam, kamar yadda muke kiransa, yakan zo da la'asar ya zauna a bencin masu jiran kaya ko da ba shi da ɗinki. Shi ma ba da Turanci ya fara sanin Dylan ba, da Faransanci ne, ta faifan da Hugues Aufray ya fitar a 1965 inda ya juya waƙoƙinsa. Ni iyakar sanina da shi a da, shi ne mai shaƙaƙƙiyar muryar nan a cikin taron mawaƙan Amurka da suka yi waƙar taimakon yunwar Habasha a 1985. Malam ya kawo mana The Freewheelin' Bob Dylan na 1963, da Highway 61 Revisited na 1965, da Blood on the Tracks na 1975, ya ce mu saurara mu ji uban gidan Iso.

Na saurara, kuma ba sau ɗaya ba. Kamannin da ake faɗa suna nan: mutum ɗaya, jita a hannu, harmonika a maƙale da ƙarfe a wuya. Iyakarsa ke nan. Hanyoyinsu ma sun saɓa. Dylan shi kaɗai ya fara da jitar katako a New York, yana waƙoƙin da masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata suka ɗauka, har ya yi waƙa a babban gangamin Washington na 1963. Da ya ga dama, a bikin Newport na 1965 ya hau dandali da jitar lantarki da 'yan kiɗa, wasu masoyansa suka yi masa ihu. Shi ƙara sauti ya yi. Iso kuwa ya fito daga ƙasar kiɗan rawa na mbalax, inda gangunan sabar da tama (tama 'yar'uwar kalangu ce) ba sa barin kowa ya zauna, ya yi shekaru a cikin babbar ƙungiya, sannan ya rage sauti har aka ji numfashinsa a cikin harmonika. A ƙasar su Youssou N'Dour, wannan ba ƙaramar kasada ba ce.

Akwai kuma abin da Malam ba ya son in faɗa. Nauyin Dylan a magana yake. Ba don daɗin murya aka ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016 ba. In ba ka jin Turanci, kamar yawancinmu da muka yi makarantar Faransanci ko allo, an ba ka buhu ne a ɗinke, kana jin nauyinsa ba ka san abin da ke ciki ba. Malam yakan tsayar da waƙa ya fassara mana layi-layi, kafin ya gama baiti ɗaya mai jiran wandonsa ya fara tsaki. Iso ba ya bukatar tafinta. Yaya bai san kalma ɗaya ba ya tsayar da keke.

Ban ce Dylan bai taɓa ni ba. Blood on the Tracks ya kama ni, musamman a daren ɗinkin salla, wajen ƙarfe biyu, yara sun yi barci a kan tarin yadi, saura ni da fitila. Ko ba a gaya maka ba ka san mutumin da ke waƙar nan wani abu ya rushe masa a gida. Highway 61 kuwa na bar wa Malam. Waƙar farko kaɗai ta wuce minti shida, kuma har ta ƙare ji nake kamar faɗa yake yi da ni.

In dole sai an nemo wa Dylan ɗan'uwa a wannan nahiya, ni Ɗan Maraya Jos zan nuna. Mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, gwangwanin kifi da fatar akuya, yana waƙar karen mota da auren dole da gulma, mutanen da sauran mawaƙa ba sa waiwaya saboda ba su da abin ba da kari. A wurinsa magana ce gaba, kiɗa na biye. Ranar da labarin rasuwarsa ya iso a watan Yunin 2015, direbobin tashar da ke bayan shagonmu shi suka yini suna sawa. Da na kawo wannan hujja Malam ya ce, "Maigida, ka canza fili ana tsakiyar wasa." Na ce filin namu ne, ƙwallon ma tamu ce.

Tsakanin masu son Iso kansu ma ba a gama daidaitawa ba. Wani direban tirela mai jigilar auduga, wanda ke kawo mini kaftani duk shekara, ya rantse Iso na 1994 ne ƙarshe, saboda Dibi Dibi Rek ce ke hana shi gyangyaɗi tsakanin Garwa da Ngaundare. Ni na tsaya a kan na 1990. A ganina duk lokacin da aka cika masa kayan kiɗa a situdiyon Faransa, wani abu nasa yana raguwa, ko da waƙar ta yi daɗi. Dabah ne kaɗai ke sa ni sassauci, kundin da ya sa wa sunan wani babban shehin Tijjaniyya na ƙasarsu, don akwai natsuwa a cikinsa irin ta mutumin da ya fara manyanta.

Yaran shago ba ruwansu da wannan duka. Su waƙoƙin Kano da na Legas suke so a waya, kuma mun yi yarjejeniya: daga safe zuwa azahar nasu, daga la'asar nawa. Kwanan baya na ji ƙaramin cikinsu yana bin harmonikar Tajabone da fito yana guga. Na tambaye shi ko ya san mai waƙar. Ya ce, "Maigida, ba Bob Dylan ɗin Malam ba ne?" Malam na zaune a benci, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, kuma tun ranar yake cewa shari'a ta ƙare, yaro ya yanke hukunci. Na ce masa na ɗaukaka ƙara.