Lesar da na yi a haɓa da dilkar da ta ja min baƙin tabo

Gashin haɓa ya daɗe yana cin raina, tun ina jami'a kullum da safe sai na zauna da madubi da hantsaki ina tsiga, har wajen ya yi duhu ya cika da ƙuraje. Bara dai na gaji na je wani asibitin fata a Abuja aka fara min lesa, wato cire gashi da haske. Likitar ta ce irin fatarmu baƙa lesar da ake kira Nd:YAG ce ta fi dacewa da ita, mai lamba 1064, sbd haskenta yana wucewa can ƙasa wajen saiwar gashi bai cika ƙona saman fata ba. Aikin kansa bai fi minti goma ba, ji za ki yi kamar ana ɗalla miki roba, ga ƙaurin gashi.

Da zan fita nas ta miƙo min takarda ta ce Hajiya kwana biyu ba ruwan zafi, ba goge-goge, rana kuma ki ɗauke ta kishiya. Na yi dariya na cusa takardar a jaka, wlh ban karanta ba.

Kwana huɗu da yi sai ga bikin ƙanwata a Kano, mai gyaran jiki ta zo gida ana ta dilka da halawa, kowa na sheƙi, ni ma zuciya ta raya min na ce baiwar Allah ɗan shafa min a fuska sama-sama, ta murje min haɓar nan tas, washegari kuma muka wuni tsakar gida cikin ranar Afrilu ana hotuna ko man kariya ban shafa ba. Bayan sati biyu wajen ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya fi yadda yake tun farko muni.

Da na koma likitar ba ta yi faɗa ba, ta ce fatarmu haka take, in ta ji ciwo ko zafi sai ta ƙara fitar da launi a wajen. Ta ɗage min zama na biyu, tabon kuma sai da ya kusa wata huɗu kafin ya washe.

Yanzu in an yi min, ƙanƙara nake naɗewa a tawul in ɗora, ba a kan fata kai tsaye ba. Alwala da ruwan sanyi, in ɗan danna da tsumma mai laushi, sai basilin kaɗan. Ranar ba hoda, ba na zuwa gaban murhu, man retinol ɗina na gyaran fata ma sai ya huta sati guda. Abin da ya fi ba ni wahala sanskirin ne, wato man kariya daga rana, mai ƙarfin SPF 50, an ce duk awa biyu a sake in ana waje, to mu da muke alwala sau biyar ruwa na wanke shi, dole bayan azahar da la'asar in sake shafawa.

Wajen kwana goma za ki ga kamar gashin ya dawo, zubewa yake, kar ki tsige. Aski kawai aka yarda tsakanin zama da zama don lesar saiwar take nema. In kuma wajen ya ɗuri ruwa a kira likita, ban da makilin ɗin nan da muke shafa wa ƙuna.

Zama na biyar zan je wata mai zuwa, hantsakin kuwa tuni na ba yara suna wasa da shi.