Juma'a: Muryar da na ji daga Omdurman

Bayan an sauko daga masallaci na biya ta Ƙofar Ƙaura in karɓo wa Inna maganin hawan jini a kemis ɗin da ɗan yayata ke tsarewa. Likitanci yaron yake karantawa a Khartum, babban birnin Sudan, kafin yaƙi ya koro shi. Yana cikin ɗaliban da aka kwaso a motoci zuwa iyakar Masar a 2023, suka yi ta kwana a fili kafin a bar su su shiga.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini waya. "Kawu, don Allah saurari wannan."

Abokin karatunsa ne daga Omdurman, birnin da ke maƙwabtaka da Khartum, yana magana da Larabci, shi kuma yana fassara mini. Abokin nasa da samarin unguwarsu ke ɗora ƙatuwar tukunya kullum, mata da yara su jero da kwanoni tun hantsi. Da sau biyu suke rabawa, yanzu sau ɗaya, wani lokacin ko mai babu a ciki. Ana jin ƙarar ludayi a bayan muryarsa, ga wani yaro yana ta kuka. Tun da Amurka ta datse kuɗin agajinta a farkon 2025 irin waɗannan wuraren girki da dama suka rufe. Nasu kuwa 'yan'uwa da ke ƙasashen waje ne ke riƙe da shi, kowa ya turo ɗan abin da ya samu ta waya.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Tun 15 ga Afrilu 2023 sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun sa-kai na RSF ƙarƙashin Hemeti ke gwabzawa, sun raba sama da mutum miliyan 11 da gidajensu. A Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. El Fasher, babban birnin Arewacin Darfur, ta sha ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi, har ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025, aka yi wa bayin Allah kisan gilla. Chadi, da ita ma da ƙyar take ci da kanta, ita ta buɗe ƙofa ga dubban ɗaruruwan da suka tsero.

Su kuma manyan duniya taro suka iya. An zauna a Jidda an sa hannu cewa za a kare farar hula, ba a kare su ba. An zauna a Faris a 2024 an yi alƙawarin sama da yuro biliyan 2. Amma makamai ba su fasa shiga ba, zinariya ba ta fasa fita ba. Ana ta zargin Daular Larabawa da ɗaure wa RSF gindi, tana musantawa, kuma babu wanda ya matsa mata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirunmu. Sudan ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu ta nan suka bi da ƙafa zuwa aikin hajji, da yawa suka yi zamansu. Bayan yaƙin Burmi na 1903 ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a can, har gobe ana jin Hausa a kasuwanninsu. Malamai da likitoci nawa a Katsinar nan can suka yi karatu? Amma yau a huɗuba ko sunanta ban ji ba.

Bayan magariba na tari liman na faɗa masa haka. Ya ce gaskiya ne, mako mai zuwa zai sa su a addu'a, ya kuma yi wa jama'a magana a tara abin da ya sawwaƙa. Sai dai ya ce a fara gano amintacciyar hanyar da kuɗin za su kai hannun masu girkin. Na bar wa yaron wannan aikin, gobe zai kira abokin nasa su yi magana.